Wasiƙa Daga Ataba: Mai Riƙon Ƙwarya, Wa Ke Riƙe Da Ita?



Da fatan kowa yana lafiya, ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da rashinmu. Na san an kwana biyu ba ku ji ɗuriyata a wannan shafi ba, har wata ƙawata ta aiko tana tambaya wai ko sanyin Ingila ne ya daskarar mini da yatsu. To ba sanyi ba ne, tafiya ce ta kama. Yau mako uku ke nan ina birnin Alƙahira, na baro maigida da yara can suna fama da girki. Na sauka a wani ɗan masauki mai sauƙin kuɗi a unguwar Ataba. Wanda bai san Ataba ba, ya ɗauki Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari da cunkoson Bata ya haɗa su wuri guda, sannan ya sa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiya. Tun daga asuba har tsakar dare masu talla ba sa yin shiru, wannan na kiran takalma, wancan na kiran wayar caji. Na zaɓi wurin ne saboda daga nan da ƙafa nake bin titin Muhammad Ali zuwa ɗakin karatu na Darul Kutub da ke Babul Khalƙ, kuma kasuwar tsofaffin littattafai ta Sur al-Azbakiyya tana nan kusa da ni.

Gwaggo kullum tana tambayata wai wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa. To ga shi a taƙaice. Ina bincike ne a kan hulɗar da ta gudana tsakanin sarakunan Masar da sarakunan Rumawa masu magana da Girkanci, waɗanda fadarsu take Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Akwai wata yarjejeniya da Sarkin Rum Mika'ilu na Takwas ya ƙulla da Sultan Ƙalawun a shekarar 1281, wadda Ƙalƙashandi ya adana nassinta a cikin littafinsa Subhul A'asha. Ita na biyo. Amma ka san an ce tafiya mabuɗin ilimi, na zo neman maza biyu da takardarsu, sai na ci karo da mata, kuma matan nan suka mayar da ni gida Kano, tsakar gidanmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ranar Alhamis da ta wuce ina tsaye gaban rumfar wani dattijo mai sayar da littattafai, ina riƙe da ɗan kwanon Ummu Ali da na saya a hanya. Ummu Ali wani kayan zaƙi ne na Misirawa, burodi ne mai laushi da madara da sukari da 'ya'yan itatuwa ake gasawa tare. Dattijon ya dube ni ya yi dariya, ya ce ko na san tukuicin kisan kai nake ci? Na ce subhanallahi, kisan wa? Ya ce ai mutanen gari suna cewa wata mata ce ta sa aka fara yin wannan abinci aka raba wa jama'a, don murnar ta ga bayan kishiyarta, kuma kishiyar ita ce Shajaratud Durr, macen da ta taɓa zama sarauniyar Masar. Maganar abincin dai zance ne na baka da ake yi, amma matar da kisan nata tarihi ne tabbatacce. Bari in ba ku labarinta, don na san ba a koya mana shi a Islamiyya ba.

Ma'anar sunanta Bishiyar Lu'ulu'u. Baiwa ce aka sayo, ta zama sa-ɗakar Sultan Salihu Najmuddin Ayyub, ɗaya daga cikin zuriyar gidan Salahuddin. Lokacin da 'yan uwansa suka tsare shi a Karak tana tare da shi. Ta haifa masa ɗa namiji mai suna Khalil, ya 'yanta ta ya aure ta, amma yaron bai yi rai ba, ya rasu yana jariri. A watan Yuni na 1249 Sarkin Faransa Luwis na Tara ya sauko da rundunar 'yan Salibiyya ya kama garin Dimyat da ke bakin teku. Sultan yana kwance ba lafiya, a haka aka ɗauke shi zuwa Mansura don ya tare su. A watan Nuwamba na wannan shekara rai ya yi halinsa. Ku dubi yanayin: abokan gaba suna bakin ƙofa, sarki ya rasu, magajinsa Turanshah yana can nesa a Hisn Kaifa, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, tafiyar makonni.

Me matar nan ta yi? Sai ta haɗa kai da babban kwamanda, Fakhruddin, suka rufe maganar mutuwar. Aka ɗauke gawar a ɓoye zuwa tsibirin Rauda. Kullum ana kai abinci ɗakin sultan kamar yana nan, ana cewa jiki ne ya matsa ba ya ganin kowa, takardun umarni kuma suna ta fita da sa hannu irin nasa. Ta aika a kira Turanshah. A haka ta riƙe ƙasar har aka gwabza a Mansura a watan Fabrairu na 1250, inda bayin sarki masu ɗauke da makami, waɗanda ake kira Mamalik, suka karya lagon Faransawa. Zuwa Afrilu an kama Luwis da kansa, aka tsare shi a gidan Ibn Luƙman a Mansura. Wani abin mamaki shi ne, a ɗaya ɓangaren ma mace ce ta riƙe gida: matar Luwis, Margarit, tana cikin jego a Dimyat ta hana jama'arta watsewa har aka daidaita kuɗin fansa.

Turanshah da ya iso, maimakon ya ce sannu da aiki, sai ya fara tuhumar matar ubansa da dukiya, yana kuma barazana ga manyan bayin uban. A farkon watan Mayu na 1250 suka kashe shi. Daga nan suka yi abin da ba a saba gani ba, suka naɗa Shajaratud Durr a kan karaga. Aka ambaci sunanta a huɗubar Juma'a, aka buga shi a jikin kuɗi, kuma waɗannan biyu su ne alamar sarauta a wancan zamani. A kwanakinta ne Faransawa suka mayar da Dimyat suka kama gabansu. Amma ku lura da yadda ta kira kanta. A takardu tana sa hannu ne da sunan Mahaifiyar Khalil, yaron da ya riga ya rasu tuntuni. A jikin kuɗi kuma ta jingina kanta ga mijinta marigayi da kuma Halifa Musta'asim na Bagadaza. Wato mace guda tana tsaye da ƙafarta, amma sai da ta ari sunayen maza uku ta dogara da su, biyu a kabari, ɗaya a nesa.

Na nesan ma bai karɓe ta ba. Marubutan baya irin su Maƙrizi da Suyuɗi sun kawo cewa halifa ya aiko wa manyan Masar da gori, cewa in maza sun ƙare musu su faɗa a aiko musu da ɗaya. Manyan Sham kuma suka ƙi yin mubaya'a, suka buɗe wa Nasiru Yusuf na Halab ƙofar Dimashƙa. Bayan kwana 80 kacal ta sauka, ta auri ɗaya daga cikin kwamandojin, Izzuddin Aibak, aka kira shi sultan. Shekara bakwai tana juya al'amura ta bayan labule. A 1257 ta ji yana neman auren 'yar Badruddin Lu'ulu'u, sarkin Mausil, ta san in 'yar sarki ta shigo tata ta ƙare, sai ta sa bayi suka kashe shi a wurin wanka. Ba a daɗe ba aka miƙa ta ga uwargidan Aibak, mahaifiyar ɗansa Ali, kuma abin da aka rawaito shi ne kuyangi ne suka yi ta dukanta da takalman katako, irin dangarafai, har ta mutu, aka jefa gawar daga katangar fada. Shekara guda bayan haka, a 1258, Hulaku ya shiga Bagadaza ya kashe halifan da ya yi gorin maza. Daular Mamalik kuwa, wadda matar nan ta zama gadar kafuwarta, ta kai har 1517.

Ranar Asabar na ɗauki mota daga Ataba na je titin Khalifa, kusa da masallacin Sayyida Nafisa, inda kabarinta yake. Ɗan ƙaramin gini ne mai ƙubba, ita ta gina wa kanta a 1250. A cikin mihrabin an yi adon bishiya da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, 'ya'yan bishiyar kuma farare ne masu sheƙi kamar lu'ulu'u. Na daɗe ina kallon bishiyar nan. A huɗuba ita matar wane ce, a takarda uwar wane ce, sai a wurin da za ta kwanta ne kaɗai ta samu ta sa sunanta ba tare da jingina ga kowa ba, shi ma a zane. Allah Sarki.

Ga wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Shi Nasiru Yusuf ɗin nan da aka kira don a guje wa mulkin mace, kakarsa ce ta rene shi a kan mulki. Sunanta Daifa Khatun. Ubansa ya rasu a 1236 yana ɗan shekara bakwai, ita ta riƙe Halab har ta rasu a 1242, ta gina makarantar Firdausi da ke tsaye a garin. Ba wanda ya aiko mata da gori. Me ya sa? Saboda sunan jikan ne a huɗuba da jikin kuɗi, ita aikin kawai take yi. Daga nan na fahimci ƙa'idar: ba aikin mace ake ƙi ba, sunanta ake ƙi. Ta ɗauki kayan, amma kada a ce nata ne.

Kada wani ya ce wannan halin Musulmi ne ko na Larabawa. Mutanen da nake karatu a kansu Kiristoci ne, Girkanci suke yi, kuma kanwar ja ce. A ƙarni biyu na ƙarshen daularsu, daga 1261 zuwa 1453, gidan sarauta guda ne ke mulki, gidan Palayologos, kuma matan gidan amfani biyu ake yi da su. Na farko, a aurar da su don a sayi zaman lafiya. Shi Mika'ilu na Takwas da nake bincike a kansa ya aika da 'yarsa Mariya ga Mongol a 1265, aka aurar da ita ga Abaƙa ɗan Hulaku, wata 'yar kuma ya ba Nogai. Na biyu, a ba su riƙon ƙwarya idan sarki ya mutu ya bar yaro.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Anna, 'yar sarautar Saboy, daga can tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya. An kawo ta a 1326 ta auri Andronikos na Uku. Ya rasu a watan Yuni na 1341 ya bar mata ɗa, Yohana na Biyar, ɗan shekara tara. Babban aminin marigayin kuma shugaban sojojinsa, Yohana Kantakuzenos, yana ganin shi ya cancanci riƙon yaron, ita kuma tana tsoron in ya riƙe ba zai saki ba. Aka yi yaƙin basasa na shekara shida, daga 1341 zuwa 1347. A 1343 kuɗi suka ƙare mata, ta jinginar da duwatsun kambin sarauta ga mutanen Benis a kan tsabar zinariya dukat 30,000, kuma ba a taɓa fanso su ba. Har aka rawaito cewa a bikin naɗin 1347 gilashi aka jera a kambin a madadinsu. Shi kuma Kantakuzenos, don ya sami mayaƙa, ya aurar da 'yarsa Tiyodora ga Orhan sarkin Usmaniyawa a 1346. Ya ci yaƙin, kuma abin da Anna take tsoro ya faru, don ya zauna a karagar tare da yaron, daga baya ma ya naɗa nasa ɗan. Turkawan da ya gayyato kuwa ba su koma ba, a 1354 suka kama Galipoli, suka kafa ƙafa a Turai.

Ba zan wanke Anna ba, ta yi kurakurai manya, kamar yadda ba zan wanke Shajaratud Durr daga jinin mijinta ba. Amma ku duba wa ya rubuta tarihin. Kantakuzenos da ya sauka daga mulki ya shiga gidan ibada ya zauna ya rubuta labarin zamaninsa da hannunsa, kuma har yau shi muke karantawa. Anna ba ta bar littafi ba. Abin da ta bari shi ne mulkin birnin Tasalonika da ta riƙe daga 1351 har wajen 1365, da wata ƙofa a ganuwar garin mai ɗauke da sunanta. Sai kuma Helena, mahaifiyar sarkin Rum na ƙarshe. Da ɗanta Yohana na Takwas ya rasu a 1448 bai bar magaji ba, ƙannensa suka fara hararar juna, ita ta tsaya ta riƙe fada ta ce Kustantin za a jira, aka kauce wa wani yaƙin. Ita ana yabonta, don ta riƙe ne na ɗan lokaci ta miƙa.

Mu ma a gida ai mun san wannan. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa, wadda ta toshe tawayen Dagaci lokacin da ɗanta Sarki Abdullahi yake wajen yaƙi, kuma ta ci gaba da faɗa a ji har zamanin jikanta Kisoki, wanda ya hau a 1509. Gobir tana da Inna, Borno tana da Magira, Kano tana da Mai Babban Ɗaki. Duk waɗannan uwar sarki ce ko 'yar uwarsa. Wadda ta yi mulki da sunanta, Amina ta Zazzau, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri, ku tuna irin tatsuniyoyin da muka rataya mata game da mazan garuruwan da ta ci. Mun karɓi ganuwarta, amma sai da muka ɓata mata suna kafin hankalinmu ya kwanta.

To yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni barci. Na kira Umma na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta yi shiru, sannan ta ce in dai ba zan yi wa manya rashin kunya ba, in faɗa. Ba zan yi ba in sha Allahu.

Kowa a cikinku ya san Baba, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 2019 ya bar shagon atamfa a Kwari. Abin da da yawa ba ku sani ba shi ne, ya rasu da bashin kaya a kansa wanda ya kusa cinye jarin. Umma ce kaɗai ta sani, don ita take duba masa littafin lissafi da daddare tun muna ƙanana. Ba ta faɗa mana ba, don Yaya yana fama da sabon aiki, ni ina shirin tafiya karatu, auta yana sakandare. Tana cikin takaba ta aika aka kira masu bin bashi ɗaya bayan ɗaya, ta bayan labule ta yi magana da su, ta nemi lokaci. Da ta fita takaba ta riƙe shagon ta hannun yaran Baba. Ta wuce da shi kullen korona na 2020, ta wuce da shi ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ta wuce da shi faɗuwar naira da ta biyo baya, lokacin da shaguna da yawa a layinmu suka rufe. Ta biya bashin kaf. Da kuɗin shagon aka aurar da ƙanwarmu, da shi auta ya gama jami'a, da shi aka cika mini kuɗin jirgi. Amma har yau allon shagon sunan Baba ne, asusun banki sunan Yaya ne, rasit ɗin kuma yaron shago ne yake sa hannu. A takarda, Umma ba ta taɓa sayar da yadi ɗaya ba.

Yanzu na ji Baffa ya kira taro bayan Sallah, a raba gado, kuma a karɓi makullin shago a ba Yaya, don wai bai kamata a ce gidanmu da maza a ciki mace ce take juya kasuwa ba, mutane suna magana. Baffa, Allah Ya ƙara girma, ku ne uba a gare mu yanzu, kuma na san ba mugunta kuke nufi ba, mutuncin gidan kuke karewa. Maganar rabon gado kuma kuna da gaskiya, an ma yi jinkiri. A raba kamar yadda Allah Ya ce, Umma tumuni ne nata, ba ta nemi ƙari ba, ni ma ban nema mata ba. Amma rabon gado daban, riƙon shago daban. Idan magada suka ga dama su bar kasonsu a haɗe, suna da ikon su zaɓi wanda zai juya musu, kuma hankali ya ce a zaɓi wanda ya iya. Yaya ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, shi da bakinsa ya ce mini bai san bambancin super da holan ba sai ya duba tambari.

Na san Malam na gidan Kawu zai kawo hadisin nan na Abu Bakrata da ke cikin Bukhari game da mutanen da suka ba mace ragamar al'amarinsu. Ni ba malama ba ce, kuma ba zan yi jayayya da hadisi ba. Abin da na sani shi ne an faɗe shi ne lokacin da labari ya zo Farisawa sun naɗa 'yar Kisra, kuma malamai sun tattauna shi ne a babin shugabancin al'umma da alƙalanci. Ba halifanci muke nema wa Umma ba, shagon atamfa ne. Uwar Muminai Nana Khadija attajira ce mai aika fatake Sham da dukiyarta. Shari'a ta ba mace ikon mallaka da saye da sayarwa da sunanta tun kafin Turawan da nake zaune a cikinsu su yi tunanin haka, don a Ingila sai a 1882 matar aure ta sami cikakken iko da dukiyarta. To don me mu da muka riga su za mu koma baya?

Kuma kada a ce boko ce ta ɗebe ni. Abin da na koya a kabarin titin Khalifa ba daga Turai ya zo ba. Na koyi cewa iko na aro ba ya kare mai shi. Muddin ana cikin tsaka mai wuya kowa yana son mai riƙon ƙwarya, ana sa mata albarka. Ranar da ƙura ta lafa sai a tuna cewa mace ce. Tunda kuma ba a rubuta sunanta a ko'ina ba, ba ta da abin nunawa, sai dai ta koma neman iko ta bayan fage, ta hanyar kuka ko makirci ko haɗa wannan da wancan. Daga nan sai mu ce ai ka ji halin mata, alhali mu ne muka rufe mata ƙofar gaba. Shajaratud Durr da aka bari da ikon bayan labule, ƙarshenta kisa a wurin wanka da dukan dangarafai. Umma ba za ta kashe kowa ba, ta fi ƙarfin haka. Za ta miƙa makullin ne ta shiga ɗaki ta yi shiru, hawan jininta ya tashi, shagon kuma mu zuba ido mu ga abin da zai zama cikin shekara biyu.

Ga shawarata, kuma na riga na faɗa wa Yaya da auta da ƙanwarmu, ban ji wanda ya musa ba. A kira malamin da ya san ilimin gado ya ƙididdige komai, kowa ya san kasonsa. Wanda yake son ya cire nasa ya cire, babu laifi. Mu da muke son mu bari, a rubuta takarda a gaban shaidu cewa mun wakilta Umma ta juya mana, da sunanta cikakke, ba matar marigayi ba, ba mahaifiyar wane ba. A yanka mata ladan aikinta daga riba kamar yadda za a yanka wa bare in shi aka ɗauko. A sa sunanta a asusun banki. Auta, tunda yana da sha'awar kasuwa, ya zauna a ƙarƙashinta ya koya, ranar da ita da kanta ta ga ya isa ta miƙa masa, ta miƙa da hannunta, ba a ƙwace ba. Shekarun nan da ta yi tana aiki ba lada kuma, ko ba za a biya ba, a faɗe su a gaban taro kowa ya ji. Yabon gwani ya zama dole.

Masu magana a Kwari kuma, Baffa, su ne dai waɗanda suka karɓi kuɗinsu cif daga hannunta. Da ta gaza biya, da ba su tambaya ko mace ce ko namiji ba kafin su kwashe kayan shagon.

Na tsawaita, ku gafarce ni. Ana kiran sallar Isha'i, masu tallan ƙasan tagata kuma ko alamar tashi ba su yi. Saura mini kwana 10 a nan, sannan in koma wajen yara. Gwaggo, na sayo miki turaren da kika ce a Muski, na kuma yi ciniki har mai shagon ya tambaye ni ko 'yar kasuwa ce ta haife ni. Na ce masa ƙwarai kuwa. Idan na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, don Allah a yafe mini, a kuma kira ni mu yi magana kafin ranar taro. A gaida Kawu da mutanen gidansa, a shafa mini kan yara. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Umma lafiya, Ya bar zumunci.

Wassalam. Taku har kullum, daga Ataba, birnin Alƙahira.